Silif na Huɗu

"Ku ba ni hanya!"

Injiniya ta faɗo garejin a guje, rungume da wani abu cikin tawul, tururin sanyi na tashi daga jikinsa. Silif ne, rigar baƙin ƙarfe mai siffar gwangwani, kwanansa biyu a firizar maƙwabcinsu mai ƙanƙara. A kan benci bulok, wato gangar jikin injin mota, na jiranta, ta gasa shi da wutar gas har ɗigon ruwa na tsalle in ya taɓa shi. Zafi ya buɗa ramin silinda, sanyi ya tsuke silif. Kafin su koma yadda suke, daƙiƙa goma kacal gare ta.

Ta saita bakinsa, ta saki. Ya zurma shuu, ya zauna daram.

"Ɗaya!" Yayanta, wanda 'yan tseren mota ke kira Guguwa, ya daka tsalle. "Kawu, ka gani? Wallahi kamar cokali cikin kofi!"

Kawu, ƙanen mahaifiyarsu kuma mai garejin, bai motsa daga kujerarsa ba. Ya kurɓi shayi. "Saura uku," in ji shi.

Tun da Guguwa ya ɗora wa motarsa ƙaton tarbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ƙarfinta ya ninka, bulok biyu ke nan tana tsagawa. Bangon silinda da kamfani ya zuba siriri ne, an yi shi don kai yara makaranta da zuwa cefane. Duk ranar da ya tsage sai Kawu ya ce ƙaddara ce, ya aika kasuwar gwangwan a samo wani irinsa sak, a mayar, a jira ƙaddara ta gaba. Wannan ne ke cin ran Injiniya. Wata huɗu tana zana masa lissafi a bayan kwali, tana nuna masa cewa in aka rarake bangon aka sa silif na baƙin ƙarfe, zai ɗauki wutar har da ƙari. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai wanda ya ƙera motar bai fi ta sani ba?

Yanzu bulok na uku ne, kuma an karaɗe gari ba a sami na huɗu ba. Tsere saura kwana goma. Da ƙyar Kawu ya yarda, amma da sharaɗi. In ta lalata shi, ta gama taɓa cikin inji a garejin nan, sai juyen baƙin mai da wankin filogi.

Na biyu ya shiga. Na uku ya ɗan yi gardama, ta danna shi da tafin hannu ta cikin tawul, ya wuce.

"Uku! Auta, kin gama da su!" Guguwa ya kama rawa da sifana a hannu. "Ranar tsere sai dai su shaƙi hayaƙina!"

"Yaya, matsa mini, ka tare hanya!"

Ta sheƙa ta ɗauko na huɗu, dariya na neman ƙwace mata. Ta saita, ta saki. Ya tafi, ya tafi, sai ya tsaya. Kusan yatsu uku a waje.

Ta danna. Ko gezau. Ta hau da duka nauyinta.

"Innalillahi," in ji Guguwa.

Tana jin ƙarfen na ɗumama a hannunta. In ya gama kumbura a haka, ba mai fitar da shi sai an yanke, bulok kuma ya tashi aiki. Ta wawuri guduma.

"Ajiye!"

Ba ta taɓa ganin Kawu ya tashi da sauri haka ba. Kofin ya kife a ƙasa. Ya fizgo wani guntun katako mai kauri daga ƙarƙashin benci, ya kwantar a kan bakin silif, ya karɓe gudumar.

"Ƙarfe a kan ƙarfe? Fasa shi za ki yi! Kunna wuta, ki bi bangon ta waje. Ta waje na ce, 'yar nan! Kai kuma sarkin rawa, riƙe benci!"

Wutar ta yi gurnani. Kawu ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu a cikin ƙarfen, yana ƙirga da leɓe. Sai ya ɗaga gudumar, ya sauke sau ɗaya. Silif ya nutse rabi. Ya ƙara. Ƙarar ta canza, ta yi nauyi.

Injiniya ta shafa bakin da ɗan yatsa, ba ta ma ji zafin ba. Ya yi daidai da fuskar bulok, sumul.

Guguwa ya sungumi Kawu sama yana ihu, Kawu na zaginsa yana dukan ƙeyarsa.

"Ba a jera su," in ji Kawu, da ya samu ƙasa yana haki. "Na ɗaya da na uku, ki sake gashi, sannan na biyu da na huɗu. Sanyin ukun farko ne ya shanye miki zafin."

Ta tsaya tana kallonsa. "Kawu, ka iya?"

"Manyan motoci nawa na sa wa silif tun ba a auri uwarki ba."

"Ka iya, ka zauna kana kallo na jera su? Ka iya, ka bar bulok biyu suka tsage, Yaya na ciki yana gudun da ya fi kilomita ɗari biyu? Wata huɗu ina yi maka magana!"

"Wancan na manyan motoci ne," ya ce, yana duban ƙasa. "Ban taɓa sa wa ƙarama ba. Kuma ba wanda ke yi."

Tana da amsa, mai zafi, ta taho har bakinta. Amma ya riga ya juya baya, yana lalube a aljihu. Ya fito da guntun alli, ya nufi bangon da yake rubuta awon injuna, ya share wani wuri da gefen hannu.

"Ratar nan da kika bari tsakanin silif da rami," ya ce, bai waiwayo ba. "Nawa kika ce?"

Ta faɗa masa.

"A hankali, Injiniya. Sake faɗa."