Ɗakin Ƙasan Jirgi

Duk ƙasar Bungudu an san Labbo na Karakkai ba mutumin da ake yi wa wayo ba ne. Kwalekwale ya taɓa kifewa da shi a kogin Kwara wajen Yawuri, ya fito da hularsa a ka. Motar gyaɗa ta faɗi da shi, ya tashi ya taya jama'a kwashe buhuna. 'Yan bindiga ma da suka ɗauke shi daga gona, da ƙafarsa ya dawo gida. Bai taɓa zama aji ba, amma idon mutum kawai zai kalla ya san abin da ke cikinsa.

To shi ne ɗansa Kamilu, injiniya mai aiki a Jidda, ya zo hutu Gusau, ya aika aka ɗauko shi. Bayan an ci tuwo, Kamilu ya matso da waya ya nuna masa wani jirgin ruwa fari fat, mai hawa kan hawa kamar an ɗora unguwa bisa ruwa.

"Baba, in mun gama Umara, cikin wannan za mu huta a Bahar Maliya. Har da abokan aikina da iyalansu. Ɗaki biyu suka rage, na kama duka. Naka yana hawa na uku."

"Naku fa?"

"Ni da Sa'adatu muna na goma."

Labbo ya karɓi wayar ya nisantar da ita daga idonsa. "Ina na ukun?"

Kamilu ya sa yatsa can ƙasa, dab da inda ruwa ke lasar jirgin.

"Abokan aikin naka fa, ina suke?"

"Galibi suna sama."

"Awo. Manya na sama, ni ina ƙasa wajen buhuna da awaki."

"Haba Baba, ba a sa awaki a wannan jirgin! Ƙasa ya fi natsuwa ne. In igiyar ruwa ta taso, na sama su ke shan jijjiga, har amai suke yi."

"To ka sauko da matarka kusa da ni mana, mu natsu tare."

Nan Kamilu ya sosa ƙeya, ya dubi tabarma, ya ce ai babu sauran ɗaki. Labbo ya ga wannan sosa ƙeyar. Ya kuma lura tun isowarsa Sa'adatu, matar Kamilu, ba ta fito ta durƙusa ta gaishe shi ba. Daga bayan labule ta ce, "Baba sannu da zuwa," shi ke nan. Yarinyar da bara ita ke zuba masa ruwan wanke hannu! Zuciyarsa ta ce masa an gama shirya magana kafin ya zo. Kunyarsa suke ji. Tsoho mai jan haƙori saboda goro, mai cin shinkafa da hannu, gara a ajiye shi ƙasa kada Larabawa da Turawa su tambayi Kamilu wane ne wannan.

Washegari ya hau mota sai Tsafe, gidan ƙanwarsa Maimuna, wadda ita ta goyi Kamilu, kuma ba abin da ke faruwa a dangi bai biyo ta kunnenta ba. Ya tarar da ita tana ɓarar gyaɗa, ya zauna ya zazzage mata komai.

"Ɗan ga da na yi wa noma ya yi boko, yau ni zai tura ƙarƙashin ƙafar matarsa. Suruka ta kwana bisa kaina, Maimuna! Ni Labbo!"

Maimuna ta yi dariya har gyaɗa ta zube. "Yaya, kai da ke cewa kana karanta ido, wanga karon ka karanta bai-bai."

"Ke dai faɗi abin da kika sani."

"Sa'adatu ba ita kaɗai take ba."

Labbo ya tsaya da goro a baki. "Mi kika ce?"

"Na fari ne, ya kuma fara fitowa. Da wane ido za ta tsaya gabanka? In ɗakinku na kusa, kullum sai kun yi kiciɓis a lungu. Ita ta roƙi a nisanta ku. Shi kuwa Kamilu, ɗa ya taɓa buɗe baki ya gaya wa ubansa irin wannan? Ko kai ka gaya wa namu uban?"

Labbo ya tuna shi kansa gari ya bari lokacin da aka sami cikin Kamilu, sai bayan suna ya dawo. Duk da haka bai saki jiki ba.

"Ba haɗa baki kuka yi ba?"

"Je ka ɗaga labulen ka gani, in kana da ƙarfin ido."

"Allah ya kiyaye!"

A motar komawa Gusau sai wani tunani ya taso masa. Shi ya san ruwa, ya san yadda yake juya hanjin ƙato, balle yarinya mai juna biyu. Wato saboda shi za a kai jikansa can ƙololuwa a yi ta girgiza shi? Kuma ba halin ya faɗa, don in ya nuna ya sani, Sa'adatu ba za ta ƙara haɗa hanya da shi ba har ta yaye.

Ya shiga gidan da sallama mai ƙarfi, ya zauna kusa da labule yadda na ciki za su ji.

"Kamilu! Na yi shawara. Ba ni kwana ƙasa. Mutum irina sama ya dace da shi, inda zan hangi ruwa in ga ƙaryarsa. Ku yara ku sauka na ukun."

"Baba, jijjigar fa? Ga gwiwarka."

"Wace jijjiga? Ni da Kwara ta haɗiye ta tofar? Kuma ka ji, ban son a riƙa hawowa ana damuna da gaisuwa. Kowa ya zauna hawansa. In ina son ganinka, ni zan aiko."

Kamilu ya ɗago ya dubi uban, ya yi maza ya sunkuyar da kai. "To Baba. Amma kullum da yamma zan zo in ɗauke ka mu ci abinci da mutanen ofis. Na daɗe ina ba su labarinka, ba su yarda ba."

"Ka bar ni da su," in ji Labbo.

Daga bayan labule aka turo kwanon fura a hankali, hannu kawai ya gani. Ya kawar da kai kamar bai gani ba, ya jawo kwanon. Sai da ya sha rabi sannan ya sake miƙa hannu.

"Ba ni wayar nan tukuna. Wancan baranda na sama, ƙarfen da aka kewaye shi da shi, wa ya gwada ƙarfinsa?"