Gidan Ƙarshen Layi

Tun Nawaf yana saurayi ake cewa jirgin ƙasa na cikin gari na nan tafe Makka. Yanzu furfura ta fara leƙo masa a gemu, jirgi bai ƙaraso ba, amma wannan bai rage masa zancensa ba. Metro yake kiransa, yana wani tauna sunan kamar a gidansu aka ƙera shi. A wayarsa akwai taswira mai layuka kala-kala, duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya sha bayani: nan za a haƙa rami, nan za a ɗora gada, nan jan layi zai gamu da kore. Mahaifiyarsa, Hajiya Kabira, ta sha wannan bayani har ya ginshe ta.

Ita jirgi ɗaya ta sani mai irin wannan suna, na Mina da Arfa, wanda ke farkawa kwanakin Hajji ya yi ta kai da kawo, alhazai na watsewa ya koma ya kwanta sai baɗi. Ta ce da ɗan mutum ne mai wannan hali da tuni matarsa ta yi yaji. In Nawaf ya ce na cikin gari daban ne, shi kullum zai riƙa aiki, sai ta ja tsaki ta ci gaba da jan carbinta.

Jirgin bai zo ba, amma hanyarsa ta riga shi zuwa, kuma ta kan gidansu ta biyo. Gidan a Tandabawi yake, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Nan aka kai ta amarya, nan ta haifi 'ya'yanta, nan aka fitar da gawar mijinta. Daga saman soro tana jin kiran sallar Harami da kunnenta. Wata rana aka zo aka shafa wa bangon jan fenti, aka ce titi mai faɗi zai wuce, a ƙarƙashinsa kuma ramin jirgi. Aka biya diyya, maƙwabta suka watse, kowa ya kama gabansa. Hajiya Kabira ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, farar yana ta rufe mata ido ɗaya, kuma buri ɗaya ya rage mata a duniya: ta yi sauran sallolinta a cikin ƙasar Harami, ranar da ajali ya zo ya same ta a ciki.

"Ki bar min komai, ya ummi," in ji Nawaf. Ta bar masa, don shi kaɗai ne ɗanta namiji.

Ya shiga ofishin wani kamfanin gidaje, aka ba shi gahawa da dabino, aka nuna masa ɗan ƙaramin gari na roba a cikin gilashi, da ɗan jirgi yana zagayawa. Shi ke nan, an gama da shi. Ya dawo baki har kunne.

"Shagga ce, gida a cikin dogon bene, sabuwa fil, a ƙarshen layi. Tashar a ƙofarmu za a gina ta. Nan da 'yan shekaru mutane za su riƙa roƙon mu sayar."

Ta tambaye shi ina alƙibla take a ɗakinta. Ta tambaya ko akwai inda za ta shanya kuɓewa, ko banɗakin na tsuguno ne. Abu ɗaya ne ba ta tambaya ba, don ba tambayar da ake yi wa wanda aka yanke wa cibiya a Tandabawi ba ce. Ranar tashi kuwa sanyin mota ya kwashe ta tun kafin su fita unguwa, ba ta farka ba sai a ƙofar wani dogon bene. Ko da idonta biyu ma, Makkar yanzu duk gada ce da rami, ba ta gane gabas da yamma.

Gidan dai ga shi nan. Ƙasa tana sheƙi har tana neman kayar da mutum, lifta tana magana da muryar mace, matar Nawaf, Ghada, tana ɗaukar hoton labule tana aika wa ƙawaye. Ta tagar Hajiya ana hango tashar da ake taƙama da ita: fili ne da aka kewaye da kwano, an kafa ƙaton allo mai hoton jirgi da wasu fararen mutane suna dariya ba dalili. A bayan allon babu komai sai tsakuwa da maguna. Kullum Nawaf zai ce Juma'a mai zuwa zai kai ta Harami, Juma'a ta zo ya ce cunkoso. Ta haƙura, tana salla a zaune a ɗakinta, ranta a kwance cewa ko ba ta ga Ka'aba ba, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta Harami ce.

Ana nan, wata maƙwabciya ta shigo gaisuwa da kwanon dambu. Mujahida sunanta, jikar alhazan Kano ce, baki gare ta kamar rediyo.

"Wallahi Hajiya kun yi dacen unguwa," in ji ta. "Ni abin da ya fi burge ni Umra. Da muna Aziziyya sai mun nemi mota mun tafi Masallacin A'isha mun yi niyya, ga rana ga cunkoso. Yanzu kuwa halas, a ɗakina nake wanka in yi niyyata in fita."

Hajiya Kabira ta ajiye cokali. "A ɗakinki?"

"A ɗakina."

"Wane malamin ya ba ki wannan fatawa?"

"Ai ba sai malami ba, Hajiya. Mu a waje muke. Masallacin A'isha yana tsakaninmu da gari. Ba ki ga alamomin iyaka a hanya ba?"

Kowa a Makka ya san wannan hukunci. Wanda ke cikin ƙasar Harami, in zai yi Umra, sai ya fita bayan iyaka ya yi niyya. Wanda ke yin niyya daga kan gadonsa, to dama can a waje yake. Mujahida ta ci gaba da zuba, ta koma kan tsadar tumatir, Hajiya ba ta ƙara jin ko kalma ɗaya ba.

Mahaifinta ta tuna, wanda ba ta san fuskarsa ba sai a bakin uwarta. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga don guzuri, ya haye teku ita tana goye a bayan uwarta. A hanyar Jidda ciwo ya kayar da shi. Ya ce ko a ja shi a ƙasa ne sai an wuce da shi duwatsun iyaka. Abokan tafiya suka riƙa karɓa-karɓa da shi a kafaɗa, suna wucewa ya tambaya ko an shiga, aka ce an shiga, bai kai la'asar ba. Jikan wannan mutumi ne ya ɗauko uwarsa tana barci ya fitar da ita waje saboda hoton jirgi. Baƙin ciki ya kama ta, kunya kuma ta fi baƙin cikin yawa.

Da Nawaf ya dawo daga aiki ta sa aka kira shi. Ya shigo yana ƙamshin turare, farar jallabiyarsa ko lanƙwasa babu.

"Gidan nan a cikin iyaka yake ko a waje?"

Ta so a ce ƙarya ya yi mata, don mai ƙarya ya san abin da ya ɓoye. Sai ta ga yana ƙifta ido. Bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba, abin ko a ransa bai zo ba. Ya zaro waya ya buɗe taswirarsa, ya ware ta da yatsu biyu, ya matse, ya sake warewa.

"Ba su sa iyaka a nan ba," in ji shi.

"Ina za su sa? Jirgi salla yake yi?"

"Ya'ani, ya ummi, duk Makka ce. Kuma da zarar metro ya fara, kafin ki gama jan carbi ɗaya kina ƙofar Harami."

"Shi mai ɗaukar rai fa, kun yi magana? Zai tsaya in sauka daga bene in yanki tikiti?"

Nawaf ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ke lallashin yaro, ya ce ta huta, za su yi magana in ta huce. Wannan dariyar ce ta ƙarasa komai.

Washegari da hantsi ta buɗe akwatinta ta ɗauko ƙullin likkafaninta da 'yan kaya kala biyu, ta ɗauki sanda. Ghada ta tare ƙofa tana "ya ammati, ina za ki?" Hajiya ta kalle ta da idon nan mai kyau guda ɗaya, Ghada ta matsa. Lifta ta yi mata sallama da Larabci, ba ta amsa ba. Ta kama gefen titi, rana tana dukan ta, tana jan ƙafa a jikin kwanon tashar. Ba ta kai ƙarshen kwanon ba gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Nan Nawaf ya same ta zaune a kan wani bulo, Ghada ta kira shi a waya.

"Haram alaiki, ya ummi! Mutane suna kallo."

"Su kalla. Ka kai ni Mansur, wurin Mariama."

Mariama 'yar Maraɗi ce, ta zo Hajji shekarun baya ba ta koma ba, ba takarda ba komai. Ta daɗe tana yi musu wanki a Tandabawi, yanzu tana tuyar ƙosai a Mansur, unguwar da ke cikin iyaka. Nawaf ya ce abadan, uwarsa 'yar ƙasa ba za ta kwana a ɗakin mai wanki ba. Ya ce zai nemi wani gidan a ciki, ta ba shi shekara ɗaya. Ta ce ita ba ta da shekara a hannunta da za ta ba wani. Ta ce ko ya kai ta, ko ya tafi ya bar ta a kan bulon nan. Ya buɗe mata ƙofar mota.

Ɗakin Mariama a can saman wani tsohon bene yake, an rufa shi da kwano, su huɗu suke kwana a ciki. Babu lifta, matakala kuma a tsaye take. Dole Nawaf ya durƙusa ya goyi uwarsa, masu shaguna da masu sayar da tsire suka bar abin da suke yi suna kallo, ya hau yana haki, jallabiyar tana sharar bango. Mariama ta fito da hannu duk ƙullu, ta ga Hajiya, ta ga ƙullin da ke hannunta, ba ta tambayi komai ba.

"Marhaba, Inna. Shigo, wuri ya samu."

Nawaf ya tsaya a bakin ƙofa yana duba ɗakin. Fanka ɗaya ce tana juya zafi, ga tukwane, ga warin mai. Muryarsa ta karye, iyayin nan duk ya zube.

"Ummi, likita ya ce zuciyarki ba ta son zafi. Wurin nan zai kashe ki."

"Na sani," in ji ta. "Ai shi ya sa na ce ka kawo ni nan."

Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya sauka. Ta kasa kunne tana bin takunsa hawa-hawa har ya ɓace a cikin hayaniyar titi. Sai a lokacin ta bar hawayen suka zubo, don duk wautarsa ɗanta ne, kuma ta san ba kullum zai hawo wannan matakala ba. Mariama ta matsar da tukwane gefe, ta janyo katifarta ta kanta, ta juya ta yadda mai kwanciya a hannun dama zai fuskanci alƙibla.