Ragon da Ilu Ya Yanka

Ilu na tsugune a bayan rumbu yana feɗe rago a hankali, don bai taɓa yin aikin shi kaɗai ba. Tun da safe ya aika wa malamin da ke maƙwabtaka da shi ya zo ya yanka masa. Malam ya aiko da gaisuwa, ya ce ba ya sa wuƙarsa a sallar Nasara. Mahauta kuwa duk sun tafi cin kasuwar Maigatari. Sai Ilu ya wasa wuƙa, ya kira sunan Allah yadda aka koya masa, ya yanka da kansa.

Ranar Kirsimeti ce, gidan kuma bai taɓa cika haka ba. Masu wannan salla a Gumel ba su da yawa: Ilu masinjan bariki da matarsa Larai, da wani akawu Bayarabe da mutanen gari ke kira Dogo, sai kafintoci 'yan kudu da suka zo aikin rufin ofis. Duk a zaurensa suka sauka tun jajibere. A cikin gida kuma ga danginsa na Gagarawa. Damina ta ƙi bana, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Shi ne wansa Ubale ya kwaso mata da 'ya'ya, ya ɗora mahaifiyarsu Kande a jaki, suka taho gidan ƙane mai albashi.

Ilu yana yaro mahara suka ɗauke shi a gona. Turawa suka ƙwace shi a hannun fatake, 'yan mishan suka raine shi can kudu. Ya dawo da gemunsa da addininsu, uwar ta gane shi da tsagen fuska. Ta yi kuka, ta rungume shi, amma ba ta taɓa kwana a gidansa ba sai da yunwa ta kawo ta.

Yanzu tana kwance a ɗakin Larai, ƙafafu sun kumbura, tuwo ba ya wuce mata. Kunu kawai take kurɓa, shi ma ya daina riƙe ta. Larai ta ce in ba romo tsohuwar ta samu ba, ba za ta ga sabon wata ba. Don ita aka sayi ragon, salla ta zo ta tarar.

Da hantsi suka taru a zaure. Dogo ya karanta labarin haihuwar Almasihu da gurguwar Hausarsa, kafintoci suka ja waƙa da yarensu. Ilu na amsawa, amma kunnensa na cikin gida, inda tarin uwarsa ke tashi. Bayan azahar Larai ta sauke tukunya. 'Ya'yan Ubale suka kewaye ta, ba mai ƙifta ido.

"Ku matsa, kar ku faɗa ciki a haɗa da ku!" in ji Dogo. Yaran ba su yi dariya ba.

Ilu ya zuba romo a ƙoƙo, ya nufi ɗakin Larai. Ubale na zaune a bakin ƙofa yana jan carbi. Ya miƙe ƙafa ya tare hanya.

"Wa ya yanka?"

Ilu ya tsaya. Da ya ce mahauci ne, da an wuce wurin, don Ubale na masallaci lokacin. Larai ta dube shi daga madafa, idonta na roƙonsa. Ya buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fita.

"Ni ne, Yaya."

"Kai."

"Na aika wa malam ya ƙi. Da sunan Allah na yanka."

"Wane Allahn?" Ubale ya tashi. "Da wancan dogon ne ya yanka ma da sauƙi, shi a haka aka haife shi. Kai fa? Liman ne ya raɗa maka suna, ina tsaye a wurin. Ka bari, ka bi su. Yankanka mushe ne, Ilu."

"Yaya, ba ni na kai kaina ba. Ina kake ranar da aka ɗauke ni?"

"Ina kan tsamiya, ina kallo. Me zan yi? Ni ma yaro ne." Ya juya ya daka wa matarsa tsawa. "A'i! Janye yaran nan daga tukunyar!"

Ƙaramar 'yarsu ta riga ta sa ƙashi a baki. A'i ta zare shi da yatsa, yarinyar ta faɗi ƙasa tana birgima.

Daga cikin ɗaki muryar tsohuwa ta fito, siririya. "Ilu, shigo da shi."

"Inna, kin ji abin da ya ce kuwa?" in ji Ubale.

"Ƙafa ce ta mutu, ba kunne ba."

"Wallahi in kika sha, yau zan kwashe iyalina. Ba zan zauna a gidan da ake ɗura wa uwata haram ba."

"Ka kai su ina? Gagarawa, su ci ƙasa?"

"Allah na ko'ina."

Ilu ya ratsa ta gefensa ya shiga, ya durƙusa, ya tallafo kanta. Ta dubi ƙoƙon ta daɗe.

"Tun da aka raba ni da kai ban ci abin hannunka ba," ta ce. "In da laifi, ni na haife ka, a rubuta mini."

Ta yi bisimilla ta kurɓa. Ta sake kurɓa, romo na bin haɓarta, har ta ga gindin ƙoƙon.

Ubale ya juya ya bar bakin ƙofar. Kafin la'asar ya ɗaure kaya a jaki. Larai ta bi A'i da ƙwaryar gero, Ubale ya kau da kai ya bari ta karɓa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Inna, mu yafi juna," bai leƙa ba. Kukan yaran ya yi ta nisa har ya ɓace. Kafintoci suka ci namansu a zaure, Dogo ya rufe littafinsa ya tura cikin jaka.

Ilu ya koma ya zauna a gefen tabarma. Gumi ya tsattsafo wa tsohuwar a goshi, numfashinta ya ɗan daidaita.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Inna. Ki zauna nan. Zan riƙe ki, ba abin da za ki rasa."

Ta gyaɗa kai, ta kama hannunsa ta riƙe.

"Na sani. To in na mutu a gidan nan, wa zai yi mini salla?"

Ilu ya dubi ƙofa. A zaure Dogo na tambayar Larai ko da sauran romo.