Sandar da aka kawo daga Yendi

Wata huɗu Taslima ta yi tana zuwa filin da ke bayan makarantar da take koyarwa a Salaga, kullum bayan la'asar, tana koyon wasan golf a wurin Baba Mutaru. Tsohon mutumin Bawku ne. Ya shekara talatin a Kumasi yana ɗaukar wa masu hannu da shuni jakar sandunan wasan, da gwiwa ta gaza ya zo ya zauna wurin 'yarsa da ke aure a nan. Ya share fili, ya ɗaura jan tsumma a kan gora can kusa da wata kaɗanya. Ɗalibai sun zo sun watse, saura biyu: Taslima da Abida, 'yar ƙanwar tsohon. A ƙarshen wata kuma wata mata za ta zo daga Kumasi ta ɗauki yarinya ɗaya tak, a koya mata wasan shekara guda. Taslima ta riga ta sa a ranta gurbin nata ne.

Sai dai ƙwallonta ba ya jin magana. Duk bugun da ta yi sai ya tashi ya karkace dama, ya faɗa gonar rogo. Tafin hannunta ya yi kanta ya fashe, ta shafa man kaɗe ta dawo. Baba Mutaru yakan ce ta shaƙe sandar kamar taɓarya, sai ka ce sandar ta zagi ubanta, ta sassauta yatsu ta bar kafaɗa ta juya. A gida yayanta Mukaila, wanda ke lodin doya zuwa kudu, yakan tambaye ta ƙwai nawa ta fasa yau.

Daga baya tsohon ya daina gyara mata komai. Sai ya tsaya yana kallonta yana tauna goro, ko kuma ya koma can yana gyara wa Abida tsayuwa. Rannan aka ce ya tafi Yendi, kuma da Abida ya tafi. Kwana biyu Taslima tana buga ƙwallo ita kaɗai tana lissafin abin da ake koya wa yarinyar a ɓoye. Jini ai ya fi ruwa kauri, ita ce ma ta yi wautar zaton mutum zai bar tasa ya ɗauki bare.

Da ya dawo ya kwance wata tsohuwar sanda daga cikin buhu ya miƙa mata. Bakin ƙarfenta a juye yake, yana kallon inda sauran ba sa kallo. Ya ce ta zagaya ta tsaya ta ɗaya gefen ƙwallon, hannun hagu a ƙasa. Saura kwana goma sha tara matar ta iso.

"Baba, in Abida kake so a ɗauka, ka faɗa mini in san inda dare ya yi mini," in ji ta. "Ba sai ka ba ni karkatacciyar sanda ba."

Ya ciro goro daga aljihu ya jefo mata saitin fuska. Kafin ta yi tunani goron yana cikin hannunta, na hagu.

Ta tsaya tana kallon hannun kamar na wani. Tun tana shekara shida ba ta karɓi abu da shi a gaban mutane ba. Gidansu gidan fataken goro ne tun kaka da kakanni, ba a ba da abu ko a karɓa da hagu. Kakarta Hajiya Ubaida ta sha ɗaure mata hannun da ɗankwali a bayanta lokacin cin tuwo, ta sha buga mata ludayi a yatsu, har ta koyi rubutu da hannun dama, har ita kanta ta manta.

Tsohon ya ce ya gan ta ranar da akuya ta ja jakarta, ta jefe ta da dutse da hannun hagu daga nesa ba ta kuskure ba. Ya je Yendi ne wurin wani tsohon abokin aikinsa da ke da irin wannan sanda, Abida kuwa ta bi shi ne ta gaida uwarta.

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Malama, ni baƙo ne. Zan tsaya a Salaga in ce jikar Hajiya Ubaida bahaguwa ce?"

Ta karɓi sandar, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Mutum yana iya faɗin gaskiya kuma gaskiyar ta yi wa 'yar ƙanwarsa amfani. Makon farko ƙasa take haƙa, ƙwallon yana zaune yana kallonta, Abida tana kau da kai tana danne dariya. Sabuwar kanta ta fito a inda babu da. A mako na biyu, sau ɗaya cikin biyar, sandar takan sauko da kanta ba tare da an tilasta mata ba, ƙwallon ya miƙe sak. Sauran huɗun takan dubi tsohon ta ga ko yana murmushi.

Ranar da matar ta zo mutane suka taru, har da Mukaila da yaran lodinsa. Bugu uku-uku aka ba su. Na Abida duka sun miƙe, amma ba wanda ya kai rabin hanya. Taslima ta tsaya da sanduna biyu a gabanta. Da ta dama ta san ƙwallon zai tashi, ta kuma san inda zai faɗa. Ta sunkuya ta ɗauki ta Yendi, ta zagaya. Ta ji Mukaila ya ja tsaki.

Na farko ya tone ƙasa, wani ya yi dariya. Na biyu ya tafi ƙasa-ƙasa, a miƙe. A na uku ta sassauta yatsu, ta bar kafaɗa ta juya, ƙwallon ya wuce jan tsumma ya faɗi bayan kaɗanyar.

Matar ta zo ta buɗe tafin hannayen Taslima biyu ta duba, ta tambayi tun yaushe take bugu da wannan gefen. Da ta ji kwana goma sha tara, ta rubuta sunanta.

Baba Mutaru bai zo wurinta ba. Yana can ya dafa kafaɗar Abida yana yi mata magana a hankali. Taslima ta bi shi ta rusuna ta miƙa masa sandar da hannu biyu, ya ce ta riƙe, babu mai amfani da ita sai ita.

Suka kama hanyar gida ita da Mukaila. Sai da suka kai bakin kasuwar doya ya ce kada dai Hajiya ta ji.

"Ni zan faɗa mata da kaina," in ji Taslima.