Ranar da Aka Share Lambun Gora

Maman Lawali bai jira babur ɗin kabu-kabu ya gama tsayawa ba ya diro, don tun daga bakin hanyar Jirataua ya hango hayaƙi na tashi daga lambun gora.

Shekara uku ke nan yana kiwon tana a lambun nan na ma'aikatar gona. Ya hana a taɓa ganyen da ke zubowa, tana na ci, ƙasar da a da take kamar siminti ta koma baƙa mai laushi. Yau kuwa sabon darakta, wanda zaɓe ya kawo, zai zo ya yanke hukunci, ko a bar gorar ko a sare a ba wani ɗan jam'iyya filin. Hujjar Maman Lawali ɗaya ce, ya kafta ƙasa baƙo ya ga tana da idonsa.

Sai ya tarar da lambu fes, ko tsinke babu. Baba Kalibu mai gadi, mutumin Tibiri, na tsaye da tsintsiya yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

"Baba, ina ganyena?"

"Na ƙone shi, mushe," in ji tsohon, don haka yake faɗin "monsieur" na Faransanci. "Babban baƙo za ya zo, a tarbe shi cikin shara? Mi za a ce da mu?"

"To tanar fa?"

"Ai ƙazantar nan da ta hito sama, agwagin matata Tasalla na saki, sun gama da ita tun hantsi."

Maman Lawali ya ji kamar ya zauna ya yi kuka. Ya fizgi fartanya ya kafta nan, ya kafta can. Wadda ta tsira ta nutse ƙasa, kuma ba ta da niyyar ganawa da hukuma. Yana cikin haƙa, gumi ya jiƙa rigarsa ta sallah, mota ta tsaya.

Darakta ya sauke gilashi. Ya dubi farin takalminsa, ya dubi ƙasa, ya fasa fitowa.

"Ranka ya daɗe," in ji Maman Lawali, "batun tana da ingancin ƙasa..."

"Tana? Allah ya kiyaye!" Darakta ya leƙa cikin lambun. "Tun Litinin nake rangadi, ban ga wuri mai tsabta irin wanga ba. Wa za ya sare wannan? A bar shi."

Ya sa hannu a takarda bisa gwiwarsa, ya miƙo. Har direba ya tayar da mota, ya ƙara leƙowa.

"Amma da sharaɗi. Kullum a riƙa share shi haka. Zan aiko a duba."

Suka bi motar da kallo har ta hau kwalta. Baba Kalibu ya gyara tsayuwa.

"Ka ji ko, mushe? Gobe da asuba zan fara."

Maman Lawali ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya karɓi tsintsiyar daga hannun tsohon cikin ladabi, ya ce zai kai ta Maraɗi a gyara mata ɗauri.