Shanun Lauya Ɗan'auta

Bappa Manu ya ji mutuwar Lauya Ɗan'auta a kasuwar Sara, a bakin wani direban babbar mota, bayan an daɗe da binne shi. Mota ce ta kife da shi a hanyar Kano. Manu ya ajiye kanwar da yake tayawa, ya tsuguna a gefen rumfa.

Saninsa da mamacin tsoho ne, tun 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki. Wani ɗan kwangila ne ya zagaye mashayar rugagen Sara da waya, ya ce ya saya, alhali tun kakanni a nan shanu ke sha. Aka yi ta juya Fulani har magana ta kai babbar kotu a Kano. Lauyan nan ɗan wani ƙauyen Maguzawa ne a ƙasar Birnin Kudu, Kirista ɗan Katolika, wanda Fada-fada, limaman cocin, suka ɗauka suka karantar kyauta. Shi ya tsaya musu har aka nannaɗe wayar, kuma ko sisi bai karɓa ba. Manu ya ga abin ya yi masa nauyi, ya jawo jar karsana ya ba shi. Lauya ya yi dariya ya ce, "Bappa, a bene nake haya. In goya ta in hau da ita? Riƙe mini."

Shi ya faɗa ya manta. Manu kuwa bai manta ba, don a ruga saniyar riƙo nononta na mai riƙo ne, amma ita da duk abin da ta haifa na mai ita ne, ko shekara nawa aka yi. Karsana ta hayayyafa. Sai ga farin nan da ya zo daidai lokacin da kuɗin mai ya fara cika birane, ya bi garken Manu ya share. Ikon Allah, zuriyar jar karsana ce kawai ta tsallake. Nononsu matarsa Hawwa take kaiwa talla ta auno dawa, shi ne kuma jikokinsa ke sha.

Da ya koma ruga ya gaya wa Hawwa abin da direban ya faɗa masa, cewa matar Lauya da Fadan cocinsu sun buɗe asusu da sunan mamacin, don biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin makarantar Katolikan da ya yi. Ya ce gobe zai kora shanun ya kai wa matar.

Hawwa ta ajiye ƙwaryar da take wankewa. "Wa ya san da su?"

"Ni na sani."

"Shi kansa mai su bai taɓa tambaya ba. Ka bari ko damina ta faɗi mana. Yaran nan ƙasa za su ci?"

"Yana da rai, riƙo nake yi. Ya mutu, dukiyar magada ce a hannuna."

"To ka gaya wa matar halin da muke ciki."

Manu ya dube ta kamar ta zage shi. Ta ci gaba da wankin ƙwarya da ƙarfin da ya wuce na wanki.

Ya kwana a hanya, ya shiga Birnin Kudu da hantsi. Aka nuna masa gidan da Lauya ya gina, inda matarsa Turai ta dawo da zama. Ta fito cikin baƙaƙen kaya, ta ga shanu sun cika gindin tsamiyar ƙofar gida, ta ga tsoho riƙe da sanda. Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya zayyana mata yadda aka yi. Ta zauna a kan dakali, hawaye na zuba.

"Bai taɓa gaya mini ba. Haka yake, Baba. Zai yi abu ya wuce, sai daga baya in ji a gari." Ta share ido da bakin mayafi. "Ka zo a kan gaɓa. Abin da abokansa suka tara bai taka kara ya karya ba, ga yara Fada ya ce suna zaune a gida, Kirista da Musulmi, kuɗin makaranta ya fi ƙarfin iyayensu. In aka sayar da waɗannan, duk za su koma aji."

Ta aika a kira dillali daga kara, inda ake cinikin dabbobi. Sannan ta juyo. "Amma Baba, in an sayar ba a taɓa ka ba ko? Naka garken yana nan?"

"Alhamdu lillahi," in ji Manu. "Yana nan."

Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Ta san Bafulatani ba ya bayyana dukiyarsa, sai ba ta kawo a ranta cewa rashinsa ma ɓoye shi yake yi ba, ya fi ma ɓoye shi. Manu ya kau da kai, ya zuba wa wata nagge ido, wadda ɗan maraƙinta ke tunkuɗar hantsarta.

Dillalin da ya zo Abdulsalami ne, wani Babarbare mai ƙaton ciki da jan baki na goro, wanda ba kasuwar shanun da ba ya ci daga nan har Gwaram. Tsakanin Barebari da Fulani kuwa akwai wasa tun fil azal, wanda ya ba kowa damar gaya wa ɗan'uwansa abin da ko ɗan cikinsa bai isa ya gaya masa ba. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"A'a! Wa nake gani kamar bawana? Manu, ka shigo gari ba ka zo ka gai da ubangidanka ba?"

"Yaushe bawa ya fara kiran mai shi bawa?" in ji Manu. "Yi abin da aka kira ka, mai cikin randa."

Abdulsalami ya shiga cikin shanun, yana shafa tozo, yana buɗe baki ya duba haƙora. Can ya tsaya, ya waiwayo.

"Tsaya. Waɗannan ai jajayen nan ne. Kai, Manu! Su za ka sayar? To me ya rage maka, sandar?" Ya fashe da dariya ya dubi Turai. "Uwargida, kin ga tsohon nan? Farin bara ko jela bai bar masa ba. Ni da kaina na sayi fatun. In kika ɗauke waɗannan, sai dai matarsa ta tatse shi ta kai kasuwa, ga shi kuwa ba abin tatsa!"

Ba wanda ya taya shi dariyar. Manu ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

"Ƙarya yake yi. Ba a kama maganar Babarbare."

"Ƙarya? Rantse!"

Manu bai rantse ba.

Turai ta dubi ƙasa. Da wata ce, da sai ta hau ba shi haƙuri da kalaman tausayi, ta ƙarasa kashe shi. Ita ba ta ko kalli inda yake ba. Dillalin ta fuskanta.

"Malam Abdulsalami, ware mini bajiman. Su kaɗai za a sayar."

"Haba uwargida! Bajiman ai ba su da yawa. La'adata fa?"

"Bakinka ya cinye ta."

Sai a lokacin ta juyo wajen Manu, ta yi magana a dake kamar mai ba da umarni. "Baba, ni ba ni da turke, ba ni da makiyayi. Matan shanun nan na asusun Lauya ne daga yau, ba nawa ba, ba naka ba. Aiki nake ɗora maka. Ka koma da su, duk shekara in bajimai sun tasa ka kawo a sayar a biya wa yara. Shara'ar riƙo kuma yadda take a wurinku, haka za ta zauna."

"Na tsufa," in ji Manu. "Ki nemi wani."

"Wa zan nema? Wannan?" Ta nuna Abdulsalami da haɓa.

"Wannan ko akuya kika ba shi, kafin la'asar ta zama kilishi."

"To ka gani."

Manu ya san abin da ta yi, ita ma ta san ya sani. Da ƙyar ya buɗe baki. "Yaran da kika ce fa? Kuɗin bajimai ba zai kai su duka ba."

"Ba zai kai ba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Wasu za su jira baɗi. Ni zan je in gaya wa Fada, ni zan gaya wa iyayensu. Wannan nawa ne, ba naka ba."

Manu ya so ya ce a sayar duka a huta. Maganar ta zo masa har maƙogwaro, sai fuskokin jikokinsa suka tare ta. Ya haɗiye ta.

Aka ware bajimai aka ɗaure. Abdulsalami ya ɓare goro ya miƙo masa rabi. "Karɓi, bawana. Wasa ne."

Manu ya wuce hannun kamar bai gani ba. Ya yi wa Turai sallama, ya yi wa shanun kira irin nasu, suka bi bayansa.

Sai da ya bar gidajen gari, ya wuce gonakin farko, ya tabbata ba idon kowa, sannan ya tsaya a gindin wata kuka. Rabonsa da abinci tun jiya. Ya tsuguna a ƙarƙashin naggen nan mai maraƙi, ya tatsa a 'yar ƙwaryarsa, ya yi bisimilla ya sha da ɗuminsa. Ya ƙara tatsa ya sha. Sannan ya bar wa maraƙin sauran, ya kaɗa su suka kama hanyar Sara.