Jirgin Papa na Kan Tudu

Kafaɗata ta dama ce ta yanke hukuncin tun kafin bakina ya furta. Duk wanda ya taɓa jan igiyar tsohon janareta a daminar Yenagoa ya san abin da nake nufi. Ka ja, ya yi tari. Ka sake ja, ya yi kamar zai tashi, ya fasa. Ka cire fulogi ka goge da gefen zani, ka hura, ka mayar, ka zage shi, ka dawo kana lallashinsa. Namu ja ne a da, amma tsatsa ta cinye launin, kuma idan Allah ya sa ya tashi, kwanukan kicin har rawa suke yi. Kullum da yamma haka nake fama da shi a barandar baya, ni da sauro.

Ni kaɗai ce a gidan tare da Papa. Aurena ya mutu na dawo, mahaifiyarmu ta rasu, sauran yara kowa ya kama gabansa. Abin da muke ci daga firij yake fitowa, ruwan leda da lemo mai sanyi da nake sayarwa a ƙofa. Wuta kuwa, idan an kawo ta da safe, kafin ka ɗauko dutsen guga an ɗauke.

Papa ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin fasinja daga gaɓar Swali zuwa garuruwan cikin ruwa. Har gobe mutanen gaɓa Kyaftin suke kiransa. Tsufa ya zo ya kwashe masa tunani kaɗan-kaɗan, har ya zamana wuni yake yi a kujera yana kallon bango. Idan na kawo masa ruwa sai ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Madam." Ni da ya goya a jirgi, ni ce Madam. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Amma da yamma, da zarar janareta ya tashi, fitilu sun kama, fanka ta fara juyawa, sai ka ga mutumin ya miƙe zaune. Ya jawo kujerarsa zuwa bakin ƙofar baya, ya kalle ni sosai, ya ce, "Tokoni, me kika dafa?" Ya cinye faten agade da busasshen kifi tas, ya yi mini tsiya a kan barkono, ya tambayi labarin ƙannena. Wani lokaci har waƙar 'yan jirgi yake yi. Da na kashe inji saboda mai, sai ya koma inda ya fito. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai nake da uba, saboda shi nake bin layin gidan mai da jarka a ka. Duk mun ɗauka haske ne da iskar fanka ke farkar da shi.

Wata Lahadi bayan coci, ƙanena Seiyefa ya kira daga Fatakwal, inda yake aiki.

"Sista, an biya mu wani ɗan abu. Zaɓi ɗaya, ko sabon janareta mai makulli, ko batir da sola. Biyu dai ba zan iya ba, kar ma ki fara."

"Wa ya ce maka zan fara? Kai da sai ka ga dama kake kira."

"Ga ta nan! Ina miki alheri kina mini wa'azi. Janareta ya fi jan kaya, amma kin san mai. Batir kuma shiru, ba hayaƙi, ba layi, rana ce ke cika shi. Sai dai in hadari ya daɗe, ki yi haƙuri."

"Zai riƙe firij?"

"Zai riƙe. Fitila da fanka kuma dare da rana."

Dare da rana. Nan zuciyata ta tsaya. Na ce a raina, in haske ne ke dawo mini da Papa na ɗan lokaci, to haske na kullum zai dawo da shi gaba ɗaya. Ga ma'aikaciyar jinya ta unguwarmu ta sha gaya mini hayaƙin nan ba ya yi wa ƙirjinsa kyau. Ga kafaɗata, wadda ko zani ba na iya ɗaurawa da safe sai na cije leɓe. Na gaji da warin fetur a hannuna da cikin abincina. Na ce masa batir, ko numfashi ban ja ba.

Masu haɗawa suka zo suka hau rufi, suka kafe allunan sola, suka rataya wani farin akwati a bangon falo, mai 'yar fitila koriya da ke ƙiftawa. Tsohon janareta kuwa na sayar wa Perekeme, mai askin da shagonsa ke jingine da katangarmu. Ya zagaya shi yana taɓe baki.

"Anti, wannan ai gawa ce. Ke ya kamata ki biya ni kuɗin binnewa."

"To bar shi, masu sayen gwangwani za su zo."

"A'a, a'a, ba a yi haka ba. Zan kai shi asibiti, in ya rayu shi ke nan."

Ya ɗora shi a baro ya tura wurin makaniki, ni kuwa na wanke barandar da sabulu har sau biyu.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na fara jin kukan kwaɗi da yamma, abin da na manta akwai shi. Ruwan leda yana ƙanƙara, masu saye suna ƙaruwa. Kafaɗata ta saki har na iya kitse kaina. Na yi barci irin wanda rabona da shi tun ina budurwa.

Sai dai Papa bai dawo ba. Fitila na ci tun safe, fanka na kaɗa masa riga, shi kuwa yana kallon bango. Yamma ta farko na zauna kusa da shi da kwanon abinci ina jira, har abincin ya huce. Na ce wataƙila baƙunta ce, gobe zai saba. Gobe ta zo ta wuce. Na canja masa wurin zama, na kunna rediyo, na dafa miyar banga, ta kwakwar manja, da yake so, na sa masa barkono da yawa ko zai yi mini tsiya. Ya ci loma biyu ya ture kwanon da ladabi.

"Madam, kin yi ƙoƙari. Allah ya saka."

Ya fara ramewa, wandonsa yana zamewa daga ƙugu. Na kira Seiyefa ina kuka, ya ce, "Sista, likita ai ya gaya mana ciwon ƙaruwa yake yi, ba ya komawa baya. Ki ɗauki haƙuri." Na yarda, don ban ga wani dalili ba. Da yamma sai in zauna a falo mai haske da sanyi, ni da baƙo a gida ɗaya.

Ran nan da rana na leƙa kasuwa sayen kifi, na bar shi yana gyangyaɗi. Da na dawo, kujera ba kowa, ƙofar gida a buɗe. Ga shi ruwa ya cika rafin da ke ƙasan layinmu har ya taɓa gadar katako. Na yar da kwandon na nufi can a guje ina kiran sunansa. Sai na ji wani tari da na sani, tarin da na yi shekaru ina zagi. Daga shagon Perekeme yake fitowa. Ashe ranar ce ya karɓo janaretan daga wurin makaniki.

Papa na zaune a kan benci a ƙofar shago, dab da injin, ya ɗora tafin hannu a kan tankinsa kamar mai riƙe da sitiyari. Bayansa a miƙe, bakinsa na motsi, wanda ake yi wa aski yana ta dariya. Perekeme ya hango ni ya ɗaga murya saboda ƙara.

"Anti, zo ki ɗauki Kyaftin ɗinki! Tun da na tayar da injin ya shigo yana ba ni umarni. Wai na cika masa iska, wai ni ba direba ba ne, ɗan kwale-kwale ne. Yanzun nan yake tambaya, ina Tokoni, ta ci abinci kuwa? Ya ce yarinyar nan ba ta kula da kanta."

Na tako a hankali kamar mai tsoron korar tsuntsu. Daidai nan Perekeme ya gama kan da yake askewa, ya miƙa hannu yadda ya saba saboda tsadar mai, ya murɗe makunnin.

"Kar ka kashe!"

Ya riga ya kashe. Injin ya yi 'yar shaƙuwa ya yi shiru. Ina kallo hannun Papa ya zame daga kan tanki, kafaɗunsa suka sauka. Ya ɗago ya dube ni da fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Sannu, Madam. Ke ma aski kika zo?"

Perekeme ya rikice, ya kama igiya yana ja, yana ja, gumi na zuba. Na ce ya bari. Na fi kowa sanin halin injin nan, idan ya yi zafi ba ya sake tashi sai ya ga dama. Na kama hannun Papa muka taka zuwa gida, yana yi mini godiya a kan rakiyar.

Washegari na koma shagon. Perekeme ya ga fuskata ya fara kare kansa.

"Anti, in kuɗinki za ki mayar, ni fa na kashe na gyara. Kuma da me zan yi aski, da haƙori?"

"Rufe mini baki ka saurara. Zan ja maka waya ta kan katanga daga batirina. Injin askinka da fitila da fanka, kullum, ba mai, ba hayaƙi. Ka ba ni gawata."

Ya tsaya yana kallona kamar na zautu. "Ki ba ni shiru ki karɓi hayaniya? Anti, ko dai a kira fasto?"

"Ka yarda ko in kai wa mai ɗinkin layinmu wutar?"

Kafin la'asar ya turo shi a baro da kansa, har da guntun mai a ciki, kuma bai ƙara yin wasa ba.

Seiyefa da ya ji, sai da wayar ta yi zafi a kunnena. "Ke kika ce kin gaji! Ke kika ce kafaɗarki! Na zuba kuɗina a bango don mai aski ya sha iska? Hayaƙin fa? Ƙirjinsa fa?"

"Zan ajiye shi can tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Kuma har yanzu a gajiye nake, Seiyefa, ban ce maka na huta ba."

"To don me?"

"Yaushe rabon da ya kira sunanka?"

Sai ya ce zai riƙa turo kuɗin mai idan ya samu, ya kashe wayar.

Da rana ta yi sanyi na fito da kujerar Papa bakin ƙofar baya. Na naɗe zani, na taka injin da ƙafa, na ja. Ya yi tari. Na sake ja, wani zafi ya tsarga mini daga kafaɗa har wuya, tsohon ciwon ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Na zage shi, na lallashe shi, can ya kama. Ban haɗa masa komai ba, tunda gidan na kan batir, ƙarar kawai nake so.

Papa ya ɗago kai. Ya karkata kunne, ya daɗe yana saurare, sannan ya ɓata fuska.

"Wane sakarai ne ke gudu da jirgi ba kaya? Ba ku ji yadda yake kuka ba? Mai kawai kuke ƙonawa."

Bai dube ni ba, da iska yake faɗa. Na tsaya riƙe da kafaɗa, raina ya ɓaci. Na shiga falo, na kalli farin akwatin nan mai tsabta da 'yar fitilarsa koriya, na juya makunnin da ke raba gidan da shi. Na jawo tsohuwar wayar na soka a janareta. Firij ya yi gurnani, fitilu suka dushe suka dawo, muryar injin ta yi nauyi ta zauna daidai, kwanukan kicin suka fara rawarsu.

"Yawwa," in ji Papa. "Yanzu muka ɗauki hanya."

Ya gyara zama, ya duba hagu ya duba dama kamar mai ƙirga fasinja, idonsa ya sauka a kaina ya tsaya.

"Tokoni, me ya sami hannunki?"

"Ba komai, Papa."

"Ƙarya kike yi, tun kina ƙarama ba ki iya ta ba. Matso tsakiya ki zauna, gefen nan ruwa na fantsama."

Na jawo ɗan benci na zauna kusa da gwiwarsa. Warin fetur ya riga ya kama mini hannu, kuma man da ke tanki ba zai kai mu nesa ba, gobe sai na ɗauki jarka. Ya ɗora tafinsa a kafaɗar da ke ciwo, ya bar shi a wurin, ya ce in faɗa masa abin da na dafa.